Shekarar da Na Hana Baba Shiga Ruwa

Mahaifina masunci ne, a garin da ba shi da kogi. Duk wanda na faɗa wa haka sai ya yi murmushi, domin da duwatsu aka san Bauchi. Amma a bayan gari akwai dam ɗin Gubi, inda ake ba mu ruwan famfo, kuma a kansa Baba ya yi duk rayuwar da na san shi da ita. Asalinsa mutumin ƙasar Yawuri ne. Yana saurayi ya biyo wani ɗan'uwansu da ya ji labarin an tare ruwa a Bauchi, kifi ya yi yawa babu masu kamawa. Ɗan'uwan ya yi damina biyu ya koma gida. Baba ya zauna, ya auri Inna, suka kama gida a cikin gari, suka haife mu mu uku, duk mata. Ni ce babba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Uwata.

Jirgin da yake aiki da shi na katako ne, dogo, mai ɗaukar mutum biyu da komarsu. Su biyu suke da shi, shi da Baffa. Baffa ba ɗan'uwanmu ba ne na jini. Bafulatani ne da ciwo ya shiga garkensu ya ƙarar da shanun, ya shigo gari da matarsa ba shi da sana'a. A bakin dam Baba ya same shi yana taya masunta jan koma don a ba shi na miya. Ya koya masa tuƙi, ya koya masa ɗinkin koma, daga baya suka haɗa ƙarfi aka sassaƙa musu jirgi. Sun fi shekara talatin tare. Har ya bar duniya Baffa bai iya iyo na kirki ba, kuma Baba bai daina yi masa tsiya a kan haka ba. Shi kuma Baffa ya ce ai shi bai ga amfanin iyo ga wanda bai yi niyyar faɗawa ruwa ba.

Idan bazara ta yi zafi ruwan dam yakan ja baya, kifi ya gudu zurfi, sai yawancin masunta su jawo jiragensu tudu su kife su a ƙarƙashin itatuwa. Rana ta busar da katakon, ya tsattsage. Da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai a fara gyara. A kankare tsohuwar kwalta, a ƙwanƙwasa katako ɗaya bayan ɗaya a ji wanda ya ruɓe, a cusa tsumma a duk wata tsaga, a narkar da sabuwar kwalta a garwa a liƙe. In an gama sai a jira ruwan sama ya yi ƙarfi, dam ya fara cikowa, Sarkin Ruwa, wato shugaban masuntan, ya sa ranar da za a tura jirage gaba ɗaya. Muna yara ranar nan kamar ƙaramar salla take a wurinmu. Inna ta toya masar shinkafa cike da kwando, mu ɗauka mu bi ta.

A shekarar da nake magana, Baffa ya rasu a tsakiyar bazara. Zazzaɓi ne na kwana shida. Baba ne ya yi masa wanka. Na je gaisuwa na same shi a ƙofar gidan mamacin, yana amsa gaisuwar mutane kamar shi ne ɗan'uwan, kuma babu wanda ya ga abin mamaki a ciki.

Lokacin ina da aure da 'ya'ya uku, muna haya a unguwar Yelwa, nan Bauchi, ina koyarwa a wata firamare. Muna cikin hutu Inna ta kira ni a waya.

Ta ce, "Babanku ya ce gobe zai fara gyaran jirgi."

Na ce, "Shi da wa?"

"Shi kaɗai. Na yi magana ya ce in bar shi. Ko za ki kai masa abinci ki gano mini shi?"

Washegari na dafa shinkafa da wake, na hau keke napep zuwa bakin hanya, daga can ɗan acaba ya ƙarasa da ni. Bakin dam ya cika da hayaƙi da warin kwalta. Ko'ina mutum biyu ko uku ne a kan jirgi, ana aiki ana hira. Baba yana can gefe ƙarƙashin tsamiyar da suka saba, shi kaɗai, ya durƙusa yana kankara. Wani daga cikin masuntan ya tare ni tun kafin in ƙarasa, ya ce tun safe mutum uku suka je su taya shi ya sallame su.

Na yi sallama. Ya ɗago kai, amma ba daidai inda nake ya duba ba, sai da na sake magana.

"Uwata? Me ya kawo ki cikin ranar nan?"

"Abinci na kawo maka."

"Innarku ce ta turo ki."

Ban musa ba. Ya ci kaɗan ya rufe. Na ce tunda na zo bari in riƙa iza masa wuta. Ya ce wannan ba aikin mata ba ne, balle malamar makaranta. Na ɗaura ɗankwalina a ƙugu na tsuguna a gaban murhun.

Ina iza wuta ina kallonsa. Da farko ban ga komai ba sai gwanintarsa. Yana bin katakon da tafin hannu, in ya ji tsaga sai ya murɗa tsumma ya cusa da bakin wata tsohuwar wuƙa marar kaifi. Amma sai na lura ba ya duban abin da yake yi. Fuskarsa a sama take, kamar mai sauraron wani abu daga nesa. In ya ajiye wuƙar, sai ya lalubi ƙasa kafin ya same ta. Da ya fara shafa kwalta sai ya bi wuri ɗaya sau biyu, ya tsallake wata tsaga a kusa da goshin jirgin, wadda ɗan yatsana zai iya shiga.

Na ce, "Baba, ga wata nan ka bari."

"Ina?"

"Ga ta nan." Na nuna masa da hannu.

Ya kai hannu can wani wuri dabam, kusan taku guda daga inda na nuna. Ya shafa, bai ji komai ba, ya ce, "To, zan dawo mata." Ya juya zai ɗebo kwalta, maimakon ya kama sandar da ake ɗiba da ita sai ya kama bakin garwar da ke kan wuta. Bai yi ƙara ba. Ya janye hannun ya matse shi a tsakanin cinyoyinsa.

Na zuba masa ruwan da na zo da shi, na yage gefen ɗankwalina na ɗaure masa. Yatsu uku ne suka ƙone. Muka zauna a gindin tsamiyar. Na daɗe ina neman yadda zan fara.

"Baba, tun yaushe?"

Ya shafa hannun da na ɗaure masa. Sannan ya ce, "Damina uku ke nan. Ta gefe ya fara. Sai in ga kamar ina leƙe ta cikin bututu. Bututun yana ta ƙanƙancewa. Yanzu idon hagun ya tafi. Na daman ina ganin haske, ina ganin mutum in ya tsaya a gabana, amma sai ya yi magana nake sanin wane ne."

"Wa ya sani?"

"Wanda ya sani ya tafi."

Sai ya ba ni labarin yadda suka yi shekara ukun. Ashe da ya daina hawa babur ɗinsa ya ce gwiwa ke damunsa, ba gwiwa ba ce. Baffa ne yake zuwa ya ɗauke shi kullum da safe, ya maido shi da yamma. A cikin jirgi Baffa yana gaba, Baba yana baya da filafilin tuƙi. Baffa ya ce dama, ya ce hagu, ya ce ga kututture, ya ce hadari ya taso mu koma. A hankali yake faɗa, don kada na kusa su ji. In sun fito tudu sai ya riƙa tafiya a gabansa yana surutu, Baba yana bin muryar. Mutane suna cewa Baffa ya tsufa ya zama mai surutu.

"Shi ke gani, ni ke tuƙi," in ji Baba. "Ba mu taɓa kifewa ba."

Na ce, "To yanzu fa?"

"Yanzu zan shiga ni kaɗai. Ruwan nan na san shi tun yana sabo. Na san inda kowane kututture yake. Ba zan yi nisa ba."

"Me zai hana ka ɗauki wani?"

"In na ɗauki wani, kafin azahar ya gane. Kafin magariba kowa ya ji. Sarkin Ruwa ba zai bar makaho ya shiga ruwa ba, ni ma da ni ne shi ba zan bari ba." Ya juyo da fuskarsa wajena. "Damina ɗaya nake so, Uwata. In yi ta don shi, in jawo jirgin da hannuna, shi ke nan. Ki yi mini alkawari ba za ki gaya wa kowa ba. Har Innarku."

Na ce masa to. Da bakina na faɗa, kuma a lokacin har zuciyata nake nufi.

Kwana biyar muka yi muna gyaran. Kullum in bar yara wurin maƙwabciyata in taho. Tunda hannunsa ya ƙone ni na koma shafa kwalta, shi yana cusa tsumma da hagu. Ya koya mini yadda ake gane ruɓaɓɓen katako da ƙararsa, da yadda ake sanin kwalta ta nuna, in an ɗaga sanda ta zubo kamar zuma ba ta yanke ba. Akwai katako guda a ciki da ya ruɓe, muka sa kafinta ya canza. Masunta suna wucewa suna yi mini barkwanci, wai bana malama za ta shiga su. Da yamma in goge hannuna da kananzir, duk da haka baƙin ba ya fita daga ƙarƙashin farce.

Ban taɓa zama da mahaifina irin na kwanakin nan ba. Shi mutum ne mai fita da asuba ya dawo a gajiye, hirarsa da mu ba ta wuce tambayar makaranta. Amma a gindin tsamiyar nan ya ba ni labarin mahaifiyarsa, wadda ban taɓa gani ba, yadda take tuƙa jirgi ita kaɗai ta haye kogi zuwa kasuwa da goyo a bayanta. Ya ce a garinsu mace da tuƙi ba abin kallo ba ne. Ya ce da a can aka haife ni da tuni ya koya mini. Wani lokaci yana cikin magana sai ya juya gefen dama ya ce, "Ko ba haka ba?" Sai ya tuna babu kowa a wurin, ya ci gaba da aikinsa.

Muka gama, aka taya mu juya jirgin. Bayan kwana tara aka yi ruwa mai ƙarfi sau biyu a jere, Sarkin Ruwa ya sa ranar Asabar.

Kwanakin nan ban san inda hankalina yake ba. Na koma makaranta, ina rubutu a allo sai in tsaya. Na san dam ɗin. Kafin a tare ruwan daji ne, itatuwan suna nan a ƙasa, kuma in ruwa ya ƙaru wanda ka sani jiya a fili yau ya nutse. Iskar farkon damina kuma ba ta sallama. Mai ido yana hango baƙin hadari ya juya tun da wuri, wanda ba ya gani sai ya ji ta a jikinsa, lokacin kuwa an makara. Sau biyu ina komawa gida in roƙe shi. Na ce ni zan riƙa binsa. Ya ce da aikina da 'ya'yana? Na ce mu je asibiti tukuna. Ya ce bayan damina. A na biyun ya ce, "Kin yi mini alkawari," ya kunna rediyonsa.

Mijina ya ga na rame ya tambaye ni. Ban gaya masa ba. Na ga kamar in zan karya alkawarin, gara in karya shi sau ɗaya, a wurin da zai yi amfani.

Ranar Juma'a bayan la'asar na tafi gidan Sarkin Ruwa, a ƙauyen da ke bakin dam. Dattijo ne sa'an Baba, ya san ni tun ina bin Inna da kwandon masa. Na same shi yana ɗinkin koma. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa komai. Bai ɗago ba har na gama.

Ya ce, "Mun ga alama, 'yata. Tun bara. Amma muna ganin su biyu ne, kuma kowa yana jin nauyinsa." Ya ajiye komar. "Ya san kin zo?"

"Bai sani ba."

"To. Zan yi ƙoƙari in yi shi a ɓoye. Amma kin san babanki."

Asabar da hantsi bakin dam ya cika. Ruwan ya hau, ya yi ja saboda sabon ruwa. Jirage sun jeru a gaɓa, baƙi ƙirin, suna ƙyalli. Inna ta zo da masarta, matar Baffa ba ta zo ba don tana takaba. Liman ya yi addu'a, ya roƙa wa waɗanda suka riga mu, ya ambaci Baffa. Aka shafa. Aka fara turawa ɗaya bayan ɗaya, mutum huɗu ko biyar su sa kafaɗa, jirgi ya ja ciki a kan laka har ya ɗago.

Baba yana tsaye a jikin nasa da filafili a hannu, ya naɗe ƙafar wando. Na ga Sarkin Ruwa ya je ya dafa shi, ya ja shi gefe kaɗan. Ina kusa, ina jin su. Ya ce masa bana a bar shi ya huta, hannunsa bai warke ba, ga mutum biyu za su riƙa fita da jirgin suna kawo masa rabonsa da na iyalin marigayi. Baba ya ce hannunsa ya warke. Sarkin Ruwa ya ce to ya ɗauki mutum guda ya zauna masa a gaba. Baba ya ce wurin nan ba na kowa ba ne. Suka yi ta yi, muryar Baba tana tashi, har mutane suka bar turi suka juyo.

Daga ƙarshe Sarkin Ruwa ya sassauta murya ya ce, "To ka gaya mini jirage nawa ne a kan ruwa yanzu. In ka faɗa, ka shiga."

Guda huɗu ne. Suna nan kusa, ko jifa ba ta kai ba. Baba ya juya ya fuskanci ruwan. Ya daɗe a tsaye. Ruwa yana ta bugun jikin jiragen. Na ga yana buɗe ido yana ƙanƙancewa, yana karkata kai don ya kawo na daman gaba.

Sannan ya ce, "Uwata tana nan?"

Na ce, "Ina nan, Baba."

"Ke ce?"

"Ni ce."

Ya gyaɗa kai. Ya miƙa filafilin, wani ya karɓa. Ya ce, "A tura shi. In bai sha ruwa ba katakon zai sake buɗewa, aikin ya tashi a banza." Mutum biyu suka shiga. Shi da kansa ya sa kafaɗa tare da sauran, ya tura har ruwa ya kai masa gwiwa. Da jirgin ya ɗago bai sake shi nan da nan ba, ya bi shi taku biyu yana riƙe da gefensa, sannan ya saki. Ya juyo, bai san ta inda gaɓa ta fi kusa ba. Na shiga ruwan da zanena na kama hannunsa. Ya zare hannun a hankali, ya kira ni da sunana na yanka, wanda ban taɓa ji a bakinsa ba, ya ce in matsa. Sarkin Ruwa ne ya fito da shi. Wani masunci ya kai shi gida a babur.

Inna ta koma wurin kwandonta. Ta raba masarta har ta ƙare, ta kife kwandon, muka taho tare. A hanya na ce mata, "Inna, ba ya gani."

Ta ce, "Na sani. Wa kike tsammani yake ajiye masa buta a wuri ɗaya shekara uku? Wa ya cire igiyar shanya daga tsakar gida?" Ta ce tun farko ta je ta sami Baffa, ya ce mata ta kwantar da hankalinta, muddin yana raye ba abin da zai same shi. Ta yi shiru ne don Baba ya ci gaba da zaton ba ta sani ba. Da Baffa ya rasu ta rasa yadda za ta yi, shi ya sa ta tura ni.

Na ce, "To me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Ni ba zan iya zuwa wurin Sarkin Ruwa ba. Da shi zan zauna har ƙarshe." Ta share fuska da gefen mayafi. "Na ɗora miki, ki yi haƙuri."

Bayan sati biyu ya yarda ƙanwata ta kai shi asibiti, ni bai yarda in bi su ba. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ba ya dawowa, da an zo da wuri da an tsayar da shi. Aka ba shi maganin ɗigawa. Kafin shekara ta zagayo ɗan hasken da ya rage ma ya tafi.

Wata huɗu ina zuwa gaishe shi yana amsawa kamar baƙuwa. Lafiya lau, ya yara, madalla. Ba ya faɗa, ba ya kora. In na kawo abinci ya ci, ya ce an gode. Daga baya ya sauko da kansa, ba tare da an yi wata magana ba, ya koma kirana yadda ya saba. Amma hira irin ta gindin tsamiya ba mu sake yi ba.

Masunta ba su yar da shi ba. Sukan kawo masa komar da ta yage ya ɗinke a zaure, da lalube, kuma ɗinkinsa ya fi na masu ido. Waɗanda suke fita da jirgin suna kawo kifi gidanmu da gidan Baffa. Sai dai mutumin da ya saba wuni a kan ruwa, zaure ya yi masa kaɗan. Ya rame, kafaɗun nan suka zube. In an yi ruwan sama sai ya sa a fito masa da kujera bakin ƙofa. Wanda duk ya zo daga dam sai ya tambaye shi ina ruwa ya kai, ya rufe dutsen kaza ko da saura.

Daminar nan kuwa lafiya aka yi ta. Babu jirgin da ya kife, babu wata iska ta a zo a gani. Na riƙa sauraron labari, kuma ina jin kunyar faɗa, wani sashe na zuciyata yana so a ce an yi wata guguwa, ba don wani ya cutu ba, don dai in samu abin da zan riƙe. Ba a yi ba. Wataƙila da na bar shi da ya yi daminarsa a bakin gaɓa, ya kama 'yan karfasarsa, ya jawo jirginsa ya ajiye. Wataƙila kuma da ranar farko za a zo mana da hularsa. Ba ni da hanyar sani.

A damina ta biyu ya ce in kai shi dam. Mijina ya aro mota muka je. Na zaunar da shi a kan wani dutse kusa da ruwa, ya cire takalmi ya sa ƙafa. Ya ce in gaya masa abin da nake gani. Na ce ruwa ya cika, ga jirage can nesa wajen duwatsu, ga wasu mata suna wanki, ga shanu sun sauko sha. Ya tambaya ko namu yana ciki. Na ce ba zan iya ganewa daga nan ba. Ya ce da Baffa ne da ya gane. Muka ɗan zauna, ya ce mu tafi, rana ta yi. A mota ya ce kada a sake kawo shi.

Bayan daminar da 'yan watanni ya kwanta. Ciwon bai yi tsawo ba. Ranar da na ga jikin ya yi nauyi, bayan azahar, Inna ta fita ɗauraye kwano, na matsa kusa da shi na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Na me?"

"Alkawarin da na karya."

Ya lalubo hannuna ya riƙe. Ya ce, "Na yafe miki duniya da lahira, tun a ranar. Na san don ni kika yi." Ya numfasa. "Amma da kin bar ni na yi daminar nan guda ɗaya."

Bayan kwana biyu ya rasu, da hantsi.

Masuntan Gubi sun zo jana'iza gaba ɗayansu, ranar babu wanda ya shiga ruwa. Su suka ɗauki makara. Da Sarkin Ruwa ya shigo yi wa mata gaisuwa na ɗauka zai ce mini wani abu a kan abin da ya wuce, ya ce na yi daidai ko ya ce ƙaddara ce. Ya yi addu'a kawai, ya ce Allah ya ba mu haƙuri, ya tambayi Inna abin da take so a yi da jirgin. Ta ce a bar wa waɗanda suke aiki da shi, su dai riƙa tunawa da matar Baffa. Sun yi shekara huɗu suna fita da shi kafin ƙasansa ya ruɓe.

Inna tana wurina yanzu a Yelwa, ƙafa ta hana ta zama ita kaɗai. Ƙannena sun san ni na je wurin Sarkin Ruwa. Ɗaya ta ce da ita ce haka za ta yi, ɗayar ba ta taɓa cewa komai ba, kuma ban tambaye ta ba. Ni da Inna muna hirar Baba kusan kullum, abincin da yake so, faɗansa a kan rediyo, yadda suka fara zama a gidan haya mai ɗaki ɗaya. Maganar ranar Asabar ɗin nan ce dai ba mu taɓa komawa kanta ba.